Yankari Ba Za Ta Gudu Ba

Da zarar makarantu sun ba da dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, sai zaman lafiya ya fara ƙaranci a gidajen masu ƙananan yara. Ba a tunkarar maigida da maganar gaba da gaba. Da farko za ka ji uwargida tana waya da ƙanwarta, ta saita murya daidai yadda za ta iso kunnenka, wai gidan su wane sun tafi Yankari, har sun sa hotuna. Bayan kwana biyu babban ɗanka, wanda ko maɓallin rigarsa bai iya sawa daidai ba, zai zo ya tsaya a gabanka ya ce, “Abba, wai mu yaushe za mu je ganin giwa?” Ka san sarai ba shi ya kitsa tambayar ba, amma ba ka da shaida. Ni ɗaya ne daga cikin irin waɗannan magidanta, masu yara biyu ko uku da tsohuwar mota wadda sai an lallaɓa ta take tashi, kuma da yawunsu nake magana, ko da yake ba su aiko ni ba, domin kowa yana tsoron abin da zai tarar a gida. Maganata ɗaya ce. Fita da yara abu ne mai kyau, ina goyon bayansa, amma iya nisan tafiya iya wahalar uba da uwa, shi kuwa yaro ƙarami da zarar an fita daga unguwa ya gama samun duk abin da zai samu. Sauran hanyar duk man fetur ne kawai ake ƙonawa.

A fara da tashi daga gida, domin tun nan alkawari yake fara karyewa. Daren jajibiri maigida zai tara iyali ya yi jawabi mai ratsa jiki: ana idar da sallar asuba za a kama hanya, wanda bai shirya ba a bar shi. Kowa zai ce to. Gari na wayewa sai ka tarar ba a sauke shinkafa ba, kaji suna cikin mai, zoɓo bai yi sanyi ba saboda tun tsakar dare aka ɗauke wuta, an yi wa auta wanka an sa masa kaya ya ɓata, an sake masa wasu ya maimaita, takalmin yayarsa ƙafa ɗaya ya shiga duniya. Kai kuma kana ƙofar gida cikin shadda mai guga, ka tayar da mota ka kashe, ka tayar ka kashe, maƙwabta suna wucewa suna yi maka Allah ya kiyaye hanya, har wanda ya yi maka addu'ar da sassafe ya je kasuwa ya dawo ya same ka a inda ya bar ka, ya ce, “A'a, Alhaji, har kun dawo?” Sannan ga batun fasinja. Lissafinka mutum biyar ne. Lokacin shiga mota sai ga ƙanwar uwargida da ta zo hutu, ga yarinyar da ke taya aiki, ga ɗan yayanka, ga yaron maƙwabta wanda uwarsa ta leƙo ta katanga ta ce, “Don Allah ku tafi da shi ya ga gari.” Ba wanda za ka iya saukewa, zumunci da maƙwabtaka sun ɗaure maka hannu. Kaya kuwa kamar za a kai jeren amarya: kuloli, fulas, bokitin zoɓo, buhun ruwan leda, tabarma, buta, jakar famfas, fitila mai caji. But ba zai rufu ba, sai wani mai hikima ya ba da shawarar a cire safaya a ajiye a zaure, tunda ai taya lafiyarta ƙalau. A riƙe wannan safayar a rai, za a neme ta tsakanin Birnin Kudu da Ningi, a daidai inda babu mai faci, babu inuwa, waya kuma ba ta kamawa.

Yanzu a dubi ita Yankarin da ake ta ambato. Ba na raina ta ko kaɗan. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma yana cikin 'yan wuraren da giwaye suka rage a Nijeriya. Amma daga Kano, ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, sannan a miƙa zuwa sansanin Wikki, tafiyar kusan kilomita 400 ce, zuwa da dawowa 800. Motar da ke shan lita ɗaya a kilomita goma za ta lashe lita 80, idan ba a ɓata hanya ba, kuma za a ɓata. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, a farashin gwamnati lita ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Mai lissafi ya lissafa, ni hannuna rawa yake. Duk wannan da sauƙi da a ce za a ga giwar. Matsalar ita ce dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, Agusta kuwa shi ne watan da ruwa ya fi sauka a ƙasarmu. Da rani ne namun daji suke taruwa a bakin Kogin Gaji saboda ƙishirwa, a lokacin ciyawa ta bushe, ido yana kaiwa nesa. Da damina ko'ina ruwa, ciyawa ta fi mutum tsawo, giwa da ɓauna da gwanki kowa ya kama gabansa. Mai yi muku jagora zai tsayar da mota, ya sauko da ladabi, ya nuna muku sawu a laka da wani tuli a gefen hanya, ya ce giwa ta wuce nan jiya. Wato uba ya kashe rabin albashinsa, ya kwana a hanya, don ya nuna wa 'ya'yansa kashin giwa.

Abin da babu shakka za a gani shi ne bika. Bikan Wikki sun daɗe da sanin baƙo, sun san leda, sun san kula, sun san wanda ya fi rauni a cikin ayari. Ba sa tunkarar maigida, yarinyar da ke riƙe da ledar cincin suke bi. A nan ne ake gwada magidanci a gaban iyalinsa: ko ya bi bika da gudu cikin babbar riga, hula ta faɗi, takalmi ya tsinke, ko ya tsaya ya ce a bar masa, sadaka ce, yara su kalle shi su gane yau cewa akwai abin da Abba yake tsoro. Duk wanda ya zaɓa, a mota za a tuna masa. Ruwan Wikki kuwa ni'ima ne, garau, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 rani da damina, dare da rana. Sai dai uban yara ƙanana ba ya shiga. Yana bakin ruwa ya naɗe wando zuwa gwiwa, idonsa ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan waccan, yana ihun “kar ka matsa can” har muryarsa ta dushe, yana kallon samari marasa iyali suna iyo suna dariya.

To me yaron ya ƙaru da shi? Wannan tambaya tana da sauƙin gwadawa, kowane uba yana da ɗakin bincike a gidansa. A kai yaro ɗan shekara huɗu gidan zu na Kano, wanda Gwamna Audu Baƙo ya kafa a farkon shekarun 1970, a ɗaga shi sama a nuna masa zaki. Zakin yana barci ya juya wa jama'a baya, wannan aikinsa ne, shi kuma yaron hankalinsa yana kan ƙadangaren da ke jikin bangon kejin. A wuce wajen jimina, yana kallon mai sayar da balan-balan. A kai shi wajen kura, yana kukan lilo. Idan an dawo gida kakarsa ta ce, “Maigidana, me ka gano?” zai ce askirim ɗinsa ya faɗi a ƙasa, Abba ya hana shi ɗauka. Wannan shi ne rahoton tafiyar gaba ɗaya, kuma da Yankari aka kai shi, ko ma Makka, rahoton ba zai canja ba. Kada kuma a ce kusa da gida babu abin mamaki. A watan Yunin 2019 labari ya karaɗe duniya cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a wannan gidan zu, kuɗin ƙofa na kwanakin Ƙaramar Sallah, har sai da Gwamna Ganduje ya fito ya ce gidan ba shi ma da goggon biri. Ni ba cikin birin ne ya dame ni ba, yawan kuɗin ne, domin kowace naira a ciki daga aljihun wani bawan Allah irina ta fito, wanda ya tsaya a layi da yaro a wuya. A watan Oktoba na shekarar kuma zaki ya kuɓuce daga kejinsa, unguwa ta kwana ido biyu kafin a mayar da shi. Wanda yake da irin wannan a kan Titin Gidan Zu, kuɗin adaidaita sahu kawai, me zai kai shi Bauchi neman tashin hankali?

Masu ilimi za su ce ai tafiya mabuɗin ilimi ce, yaro ya kamata ya san ƙasarsa. Gaskiya ne, kuma ba ni da ja. Amma ana buɗe wa mutum ilimi ne idan idonsa biyu, shi kuwa yaro ƙarami tun kafin a kai gadar Wudil ya yi barci, ba zai farka ba sai don ya yi amai a kan shaddar wanda ya fi kusa. Ƙasar da yake ratsawa bai gan ta ba. Sannan idan ilimin ake so da gaske, wane ne a cikinmu ya gama da na ƙofar gidansa? Bakano nawa ne ya taɓa hawa Dutsen Dala da 'ya'yansa ya nuna musu inda garin ya faro? Ga Gidan Makama, ginin da ke da alaƙa da Sarki Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, yanzu gidan tarihi ne. Ga marinar Ƙofar Mata, inda yaro zai ga an tsoma farin ƙyalle a rami an fito da shi ya rikiɗa ya koma shuɗi a gaban idonsa, abin da ya fi sawun giwa ɗaukar hankali nesa ba kusa ba. Mutumin Katsina yana da hasumiyar Gobarau, na Daura yana da rijiyar Kusugu, na Damagaram yana da fadar Sarki da unguwar Birni. Duk waɗannan ana zuwa a dawo kafin la'asar, ba a kwana, ba a cire safaya. Hawan Dala ma kansa ba wasa ba ne, domin daga tsakiyar matakala yara za su ce sun gaji, ka ƙarasa da ɗaya a wuya ɗaya a hannu, kana haki kana bayanin Barbushe ga mutanen da ba sa saurare. Amma aƙalla idan numfashinka ya ɗauke, asibiti yana kusa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ta uwargida ce, kuma dole in sassauta murya a nan. Ita za ta ce, “Abban yara, kai kullum kana waje, ka ga kasuwa, ka ga ofis, ka zauna majalisa. Ni daga ɗaki sai kicin, shekara guda cur. Sau ɗaya in ce a kai ni in ga duniya sai ka ɗauko mini lissafin lita?” Wallahi tana da gaskiya, wanda ya musa bai yi adalci ba. Amma a duba abin da tafiyar nesa take ba ta. Ta kwana tana suya, ta tashi tana shirya yara, a mota jariri yana cinyarta awa shida ƙafarta ta sage, a can kuma ita ce mai zuba abinci, mai canja famfas a bayan mota, mai neman inda za a wanke kwano, mai raba faɗa a kan wa zai zauna kusa da taga. Kicin ɗinta ne aka ɗauka aka kai mata daji, aka rage mata famfo da murhu. Abin da take dawowa da shi hoto ne, wanda aka ɗauka a cikin daƙiƙa biyun da kowa ya yi shiru, ta sa a WhatsApp matar wani ta gani, gobe wani bawan Allah shi ma a fara yi masa waya da murya mai isa kunne. Haka cutar take yaɗuwa gida gida, babu mai sa hoton tayar da ta fashe. Idan hutun uwargida ake nufi, maganinsa a bayyane yake: a kai yara wajen Hajiya kakarsu, a jure wa kallon da za ta yi da kuma “to, Allah ya kyauta, mu dai a zamaninmu,” a ɗauki matar ita kaɗai a kai ta inda wani zai dafa ya kawo mata, ta ci da hannu biyu babu mai jan mayafinta. Wannan ya fi Yankari arha, kuma ladansa a gida ya fi daɗewa.

Wasu kuma za su ce duk wannan dogon bayani sunansa rowa, mutumin nan so yake a zauna a gida. Allah ya kiyaye. Wanda ya taɓa zama da yara uku a gida na mako shida, ana ruwa a waje, ya san zaman gida ya fi kowace tafiya tsada. Su ne za su gwada ko rimot yana iyo a bokiti, su yi wa bango ado da jan-bakin uwarsu, su cinye abincin wata a kwana goma. Fita dole ce, don lafiyar kayan ɗaki ma. Kuma wanda yake zaton fitar kusa kyauta ce bai taɓa yin yawon Sallah ba. Tun kafin ranar tela ya riga ya sha jininka, ka yi masa zarya har kun saba, a daren Sallah ya miƙo maka rigar yaro hannu ɗaya ya fi ɗaya. Sannan a shiga gaishe-gaishe, gidan kakanni, gidan gwaggo, gidan kawu, kowane gida kana raba wa yaransu sabbin kuɗi, naka yaran ma ana ba su barka da Sallah, amma wannan kuɗin uwarsu ce take karɓa “ta ajiye musu,” kuma har yau ba a taɓa jin an binciki wannan asusu ba. Washegari a tafi kallon Hawan Daushe, ranar da Sarki yake zuwa Babban Ɗaki gaida mahaifiya ya dawo ta Ƙofar Kudu a yi masa jafi. Hawan Sallar Kano abin alfahari ne, UNESCO ma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Sai dai uba ba ya ganinsa. Yaro yana wuyansa ya riƙe masa kunnuwa, hula ta rufe ido, abin da yake gani ƙeyar na gabansa, yana jin kakaki da algaita daga nesa yana tambayar ɗansa, “Sarki ya iso?” Ana harba bindiga ta farko yaron zai fasa ihu ya ce a tafi gida. Tunda kuma Sallah tana ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, Babbar Sallar da ta faɗo a Agusta a 2019 ta dawo farkon Yuni a 2025, yanzu Sallolin biyu sun doshi bazara, lokacin da zafin Kano yake taɓa digiri 40. Marowaci ba ya shiga wannan da ƙafarsa. Bambancin kawai shi ne wannan wahalar tana ƙarewa da magariba, a kan katifarka.

Saura masu cewa wahalar ita ce daɗin, abin da ake tunawa ke nan idan an girma. Na yarda ana tunawa. Amma a saurari irin labaran da ake bayarwa a gidajen suna da biki bayan shekara ashirin: ranar da bika ya kori Abba, ranar da Abba ya tura mota cikin ruwa takalminsa ya tafi, ranar da Abba ya rantse ya san hanya aka tsinci kai a wani ƙauye ana tambayar mai kiwo. Jarumin kowane labari mutum ɗaya ne, kuma ba a matsayin gwani yake fitowa ba. Idan abin da iyali suke bukata ke nan, ba sai an je nesa ba, ko Tiga ta isa, madatsar da aka gama a 1974, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Kano. Ana shimfiɗa tabarma, ana buɗe kula ta farko, hadari zai haɗo daga gabas, iska ta ɗauki tabarmar, a kwashi shinkafa a guje a cinye ta cikin mota an rufe gilashi, kowa yana gumi, gwiwar wani a haƙarƙarin wani. Labari ya samu, mutuncin maigida ya taɓu daidai gwargwado, kuma an kwana a gida. Abu ɗaya ne ban sa wasa a cikinsa ba: bakin ruwa da damina ba wurin sakin hannun yaro ba ne, hanyoyinmu kuma a yanzu ba na tafiyar dare da iyali ba ne.

Saboda haka, 'yan'uwana magidanta, idan an fara wayar nan mai isa kunne, kada ku yi gardama, kada kuma ku yi alkawarin giwa. Ku ce to, za a fita ranar Asabar, ku zaɓi wurin da za a je a dawo kafin hadarin la'asar. Ku sa mai tun daren jajibiri, ku bar safaya a mazauninta ko da kula ɗaya za ta kwana a gida, ku ƙirga yara a ƙofar shiga ku sake ƙirga su a ƙofar fita, har da na maƙwabta. Yankari kuwa a bar ta sai auta ya iya iyo, ya kuma iya riƙe ledar cincin ɗinsa da kansa, sannan a je a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da giwa take sauka Gaji shan ruwa.